Abin da Ke Riƙe da Mota Idan Kana Ƙarƙashinta

Ƙirjin babban mutum, idan ya kwanta rigingine, kaurinsa daga gadon baya zuwa ƙashin ƙirji ba ya kasa santimita 20, na mai jiki kuwa yakan haura 25. Motar da nake hawa Honda Accord ce mai ƙofa biyu, wadda mai ita na farko ya ƙara rage mata tsayi don ƙawa, kuma tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa santimita 13 ce. Da tef na auna, ba ji na yi ba. Ƙananan motocin gudu irin su Toyota 86 da Mazda MX-5 haka suke fitowa daga kamfani, ba su ɗara wannan da wani abin kirki ba. Duk abin da zan faɗa a wannan mako ya rataya ne a kan bambancin da ke tsakanin lambobin nan biyu.

Idan mai Hilux ya ɗaga motarsa ya shiga ƙarƙashi, jak ya saki, motar za ta dira a kan tayoyinta ta bar masa sarari. Zai firgita, wataƙila ya ƙuje, amma akwai kyakkyawan zaton ya fito da ƙafarsa. Gajeriyar mota ba ta barin wannan sarari. Hasali ma lokacin da ta dira, sifirin ɗinta yana lotsawa, cikinta ya sauka ƙasa da inda ya saba tsayawa. Abin da ke kashe mutum a nan sau da yawa ba karaya ba ce, rashin numfashi ne: nauyi ya zauna a kan ƙirji, huhu ya fitar da iska, ya kasa jawo wata. Ihu kuwa da iska ake yin sa, saboda haka wanda mota ta danne ba ya iya kiran kowa. Daga layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tafiyar 'yan mintoci ce a kan titin Zariya, amma ƙwaƙwalwar da ta rasa iska tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Kusancin asibiti ba ya amfanar wanda ba a san yana ƙarƙashin mota ba.

To me ya sa mutum mai aikin ofis zai kwanta a ƙasa ranar Asabar don ya yi wa motarsa juye da kansa, alhali gari cike yake da masu yi? Dalilaina uku ne, kuma na san akwai masu irinsu da dama. Na farko, ina son in ga man da ya shiga injina daga galan ɗin da na fasa da hannuna, domin jabun baƙin mai ba sabon labari ba ne a kasuwanninmu, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya, gyaran inji ya zama abin da ke iya cinye albashin wata da wata. Na biyu, motocin zamani da yawa mai tsinkakke suke so, irin 5W-30 ko 0W-20, ga kuma al'adarmu ta zuba 20W-50 a kowace mota da hujjar wai ƙasarmu da zafi. Na uku shi ne tsayin motar kanta. Ramin juye da gadar da ake hawa a wuraren sabis da yawa an gina su ne da tunanin motoci masu tsayi. Na taɓa tsayawa ina kallo ana ƙoƙarin hawar da motata, leɓen bamba yana gurzar siminti, yaron yana ce mini, "Alhaji, ba komai, roba ce." Roba ce, gaskiya ne, amma kuɗinta ba na roba ba ne.

Akwai tarihi a bayan wannan. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 ta yi zamani mai tsawo tana mulkin titunan Arewa. Mota ce mai tsayi, siririn yaro yana iya zurawa ƙarƙashinta ya kwance notin mai ba tare da an ɗaga ta sosai ba. Yawancin dabarun gareji da muka gada a kan irin waɗannan motoci aka koye su. Motocin sun canja, sun yi ƙasa, cikinsu ya rufe da faifan roba, amma dabarun suna nan yadda suke. Ga kuma yanayin garinmu da ke sa a yawaita juye: ƙurar hunturu, zafin Afrilu da ke kaiwa digiri 40, gajerun tafiye-tafiye, da tsayuwa cikin cunkoso inji na aiki. Littattafan motoci suna lissafa irin waɗannan a cikin yanayi mai tsanani da ke buƙatar a rage tazarar juye. Wanda ke yi da kansa a Kano zai shiga ƙarƙashin mota sau uku ko huɗu a shekara. Abin da ake yi akai-akai kuwa shi ido ke sabawa da shi har ya daina ganin haɗarinsa.

Bari mu fara da jak, domin a kansa mafi yawan ruɗani yake. Jak mai aiki da mai ya dogara ne a kan ƙa'idar da Blaise Pascal, masanin Faransa, ya bayyana a ƙarni na 17: idan ka matsa ruwa a rufaffen wuri, matsin yana isa ko'ina daidai. Ƙaramin famfo yana tura mai kaɗan-kaɗan zuwa ƙarƙashin babban fistin, hannu ɗaya ya ɗaga tan guda. Joseph Bramah ya yi rajistar injin matsa na farko mai wannan tsari a Ingila a 1795, Richard Dudgeon kuma ya fito da jak ɗin da ake iya ɗauka a hannu a Amurka a 1851. Dabara ce mai ban sha'awa. Sai dai ka tambayi kanka: bayan motar ta tashi, mene ne ke hana man komawa? Ɗan ƙwallon ƙarfe ne da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, zaune a bakin wata kafa, sai zoben roba, sai notin saki da ka ɗaure da hannu. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga ƙarƙashin ƙwallon, ko zafi ya busar da robar ta tsage, man ya sami hanya. Wani lokaci a hankali yake sauka, ba ka lura ba sai ka ji ƙarfe ya taɓa kafaɗarka. Wani lokaci kuma a take.

Jak mai kama da almakashi da ke cikin but, wanda ya zo da motar, shi ba mai a cikinsa, amma matsalarsa ta fi. Gindinsa bai fi tafin hannu ba, an yi shi ne don canja taya a gefen hanya, mutum yana tsaye a waje. Turi kaɗan daga gefe yana kayar da shi, kuma kwance notin mai da ya ƙi kwantuwa turi ne daga gefe. Littafin kowace mota da na taɓa buɗewa ya hana shiga ƙarƙashi a kan wannan jak. Jak mai siffar kwalba kuwa ba ya ma shiga ƙarƙashin gajeriyar mota, domin tsayinsa a naɗe ya fi tazarar da ke akwai. Abin da ke shiga shi ne jak mai tayoyi, doguwar hannu, na musamman mai kwantaccen baki, wanda ke sauka zuwa santimita 8 ko 9. Kowanne daga cikinsu dai aikinsa ɗagawa ne. Riƙewa aikin wani abu ne daban, kuma wannan abin dole ya zama daskararre, wanda babu ruwa ko roba ko zare a tsakanin nauyin mota da ƙasa.

A nan ne bulo ke shigowa, domin shi ne daskararren abin da ke kusa da hannu a kowane gida. Na yi wannan muhawara da bakanikena, mutumin da nake girmamawa, wanda ya fi ni sanin inji nesa ba kusa ba. Ya ce, "Yallaɓai, shekara nawa muna sa bulo, ba abin da ya taɓa faruwa." Na ce masa, "Oga, bulon da ya fashe a kan wani, wanin ba ya nan balle ya ba mu labari." Ya yi dariya, ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban musa ba, sai dai na ga ko shi da ya faɗa yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu idan zai tafi gida.

Bulo an yi shi ne don ya ɗauki nauyi a shimfiɗe, a cikin bango, ramukansa suna kallon sama, siminti ya raba nauyin a kan fuskarsa duka. A ƙarƙashin mota akasin haka ake yi masa: a kwantar da shi a gefe don a sami fuska mai santsi, sannan a ɗora masa ɗaruruwan kilo a kan bakin ƙarfe siriri, daidai saman rami. Kuma kowa ya san yadda ake buga bulon kasuwa, yashi ya yi yawa, siminti ya yi kaɗan, har wani yana marmashewa a hannun lebura. Babban aibinsa shi ne ba ya gargaɗi. Katako idan nauyi ya fi ƙarfinsa yana ƙara, yana lotsawa, ƙarfe yana lanƙwasa. Bulo yana nan lafiya lau, sai kawai ya zama gari. A gaskiya tsofaffin kanikawan da ke tura guntun kututture ko tsohon rim a kwance sun fi mai bulo hikima, ko da ba za su iya zana maka dalilin a takarda ba.

Abin da aka ƙera don wannan aiki shi ne matokarin ƙarfe mai ƙafafu, wanda masu sayar da kayan aiki ke kira jak-sitan. Iri biyu ne. Akwai mai haƙora, wanda wani harshe ke kamawa idan ka ja sandar sama, akwai kuma mai ramuka da ake zura ƙusar ƙarfe mai kauri ta ratsa. Na fi natsuwa da na biyun, saboda idona yana ganin abin da ke riƙe da nauyin. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai sama da miliyan 1.7 masu ɗaukar tan 3 da tan 6 daga kasuwa, saboda harshen yana iya sakin haƙoran idan nauyi ya motsa. Bayan 'yan watanni kuma ya sake janye wasu daga cikin waɗanda ya bayar a madadinsu, saboda matsalar walda. Wannan a ƙasar da ke da hukumar da ke bin diddigi, ga rajistar masu saye. Irin kayan da aka janye a can ba wanda zai rantse cewa ba su bi kwantena sun zo nan ba, kuma a Ƙofar Ruwa babu mai aiko maka da wasiƙar gargaɗi. Saboda haka mai saye shi ne hukumar kansa: ya duba walda, ya duba zurfin haƙora, ya girgiza ya ga ko sandar tana rawa. Ya kuma sani cewa "tan 3" da aka rubuta a jiki yawanci na biyun ne a haɗe, ba na ɗaya ba. Wanda mai walda na unguwa ya haɗa da guntun bututu da rodin gini a matsayin ƙusa, ni dai ba na shiga ƙarƙashinsa, domin ba wanda ya taɓa gwada iyakarsa.

Sai dai ko matokari mafi inganci a kan wani abu yake tsaye, kuma wannan shi ne ɓangaren da bidiyoyin YouTube ba su damu da shi ba, domin masu yin su a gareji mai shimfiɗaɗɗen kankare suke. Gidajenmu ba haka suke ba. A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, farfajiyar da ake ajiye mota ko dai ƙasa ce, ko intalok a kan yashi, ko daɓen siminti siriri a kan ciko. Kusan kowace kuma an yi mata gangara da gangan don ruwan Agusta ya fita zuwa kwata. Ga lissafi mai sauƙi. Mota mai kilo 1,500 mai inji a gaba, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta a gaba yake, wato kilo 900, kowane matokari ya ɗauki 450. Ƙafafunsa huɗu bakin ƙarfe ne kawai, duka-duka wurin da suke taɓa ƙasa bai fi murabba'in santimita 10 ba. Kenan kowane murabba'in santimita yana ɗauke da kilo 45. Ƙasar tsakar gida kuwa abin da take ɗauka ba tare da ta lotsa ba bai wuce kilo biyu ko uku ba, idan ta jiƙe ma bai kai ba. Ƙafa ɗaya ta nutse, matokarin ya karkace, sauran labarin ka san shi. Amma sa faifan katako mai kauri, santimita 30 a kowane gefe, a ƙarƙashinsa: nauyin ya bazu a kan murabba'i 900, ya koma rabin kilo. Da guntun katakon da kafinta zai ba ka kyauta ka rage matsin sau casa'in.

Intalok yana da nasa sharrin. Kowane dutse zaman kansa yake yi, idan ƙafa ta taka gefensa sai ya tashi. Sannan jak mai tayoyi, yayin da hannunsa ke tashi, ba miƙe yake tafiya sama ba, baka yake zanawa, don haka dole jikin jak ɗin ya gangara gaba kaɗan-kaɗan ya bi motar. Idan tayoyinsa suka maƙale a tsagin intalok ko suka nutse a yashi, to motar ce za ta biyo shi, ko ta zame daga bakinsa, ko ta ja matokarin da ka riga ka kafa a ɗaya gefen ta kayar. Maganin shi ne faifan filawud mai kauri a ƙarƙashin jak, da ido a kan tayoyinsa: idan kana bugawa ba sa motsi, tsaya. Abu na ƙarshe game da ƙasa, wanda na ga mutane ba sa tunawa: a gidaje da yawa wurin ajiye mota a kan murfin sokawe yake, ko tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa. Murfin yana iya ɗaukar mota a kan tayoyi huɗu shekara da shekaru, amma bai yi alkawarin ɗaukar rabin tan a kan tsinin ƙarfe ba. Ƙwanƙwasa daɓen da guduma kafin ka kafa komai. Inda ya amsa kamar ganga, matsa.

Akwai wani dattijo a layinmu da ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas. Ranar da ya ga ina shiri, bai tambaye ni jak ba, bai tambaye ni sifana ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ina wejinka?" Na nuna masa, ya taka da ƙafa ya ji ya kama, ya ce, "Mota ba ta san mai ita ba." Ya yi gaskiya, kuma ga dalilin a aikace. Birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake kamawa. Giyar P kuwa tana kulle tayoyin da inji ke juyawa ne, a Accord da Camry da Corolla na gaba kenan. Da zarar ka ɗaga gaban irin wannan mota, P ta tashi daga aiki, abin da ya rage maka shi ne wayar birkin hannu, wadda a motar da ta shekara goma sha biyar wataƙila ba a taɓa gyara ta ba tun da ta bar Kwatano. A kan gangarar farfajiya wannan bai isa ba. Weji biyu a kowace tayar baya, gaba da baya, na katako mai gefe uku, ba dutse mai mulmulawa ba. Idan kuma gangarar tana da yawa har kwalba tana mirginawa da kanta, wurin bai dace ba sam, ko da weji goma.

Inda ake sa jak a jikin motar ma abin lura ne. Ƙananan motocin yau ba su da shasi daban kamar na a-kori-kura, bodin ne gaba ɗaya ke ɗaukar nauyi. A ƙarƙashin ƙofofi akwai wani haƙarƙarin ƙarfe siriri da ya bi tsawon motar, kuma wurare huɗu kawai aka ƙarfafa a jikinsa, yawanci da 'yar alamar tsaga. Littafin motar yana nuna su, yana kuma nuna wurin ɗagawa na tsakiya idan akwai. Kaskon mai, wato tukunyar da ke ƙasan inji, yana kama da wuri mai kyau, amma siririn ƙarfe ne ko alminiyam, yana lotsawa ko ya fashe. Motocinmu kuma na hannu ne. Wadda ta fito daga arewacin Amurka ko Kanada ta sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa ta ci haƙarƙarin daga ciki. Wadda ta yi haɗari kuma mai gyaran bodi ya cike ta da fila ya fesa fenti, ta yi kyau kamar sabuwa. Kitse ake gani, rogo ne. Soka sukundireba a wurin kafin ka amince masa.

Bayan duk wannan bayani, zan faɗi abin da ni nake yi, wanda ya fi duka sauƙi: don juye kawai, ba na amfani da jak. Juye ba ya buƙatar cire taya, saboda haka babu dalilin raba mota da tayoyinta. Matakala nake hawar da ita, ta katako, wadda kafinta ya haɗa mini. Matakalar ƙarfe da ake sayarwa ta cika tsayuwa, bamban gajeriyar mota yana dukanta kafin taya ta iso. Tawa daga 'Yan Katako na Na'ibawa ta fito: falanki biyu masu kaurin inci 2, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12. Kowane ɗaya an yanka shi gida huɗu, santimita 135, 105, 75 da 45, aka jera su bisa juna ƙarshensu ɗaya a daidai, aka ɗaure da dogayen sukurori, aka fiƙe bakin kowane mataki, aka kafa guntun katako a can ƙarshe don tsayar da taya. Falanki ɗaya yana ba da matakala ɗaya cif, saura ɗan guntu. Kowane mataki yana hawa santimita 5 a cikin tafiyar 30, gangarar da ba ta kai digiri 10 ba, bamba yana wucewa lafiya. A sama motar ta ƙaru da kusan santimita 20. Haɗa da 13 na asali, ƙirji ya sami wuri har da na juya sifana. A auna kaurin falankin a kasuwa, domin abin da ake kira inci biyu ba kullum yake cika ba, a kuma zaɓi busasshe wanda ba tsaga.

Abin da ya sa na fi yarda da ita shi ne babu abin da zai saki. Katako ne a kan katako har ƙasa, ba rami, ba walda, ba harshe. Matsin da taya ke yi a kansa kuwa kusan daidai yake da iskar da ke cikinta, kilo biyu da ɗoriya a kowane murabba'in santimita, abin da ko katako mai taushi ba ya ji. Haɗarinta a wurin hawa yake. Motar da ke ja da baya tana iya tura matakalar gaba a kan siminti mai santsi, mai ja da gaba kuma tana iya fizgo ta ta harba baya idan aka taka mai da ƙarfi. Ana shimfiɗa tsohuwar robar tub a ƙarƙashi, a hau a hankali, mai nuna hanya ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba. Bayan an hau, birkin hannu, giya, weji, sannan a kama motar a girgiza ta da ƙarfi kamar ana faɗa da ita. Idan za ta motsa, gara ta motsa kana tsaye. Ko a kan matokarai ne, wannan girgizar ba a tsallake ta, kuma a tura safaya taya a kwance ƙarƙashin gefen motar, a bar jak yana ɗan taɓawa, don idan ɗaya ya ci amana a sami mai tarewa.

Wasu motocin ma ba sa buƙatar a ɗaga su ko kaɗan. Mercedes da yawa filtarsu a saman inji take, kuma ana zuƙe man ta bututun sandar awo da ɗan famfo. Wanda motarsa ta ba da wannan dama, ya sayi famfon ya huta, ya yi juye da farar shadda idan ya ga dama.

Sauran aikin gajere ne. A bar inji ya yi ɗumi, ba zafi ba, domin man da ya yi tafiya yana kusan digiri 100, salansa kuma ta fi haka. A kwance noti, a bar shi ya tsiyaye, a canja filta, a sa sabon wasa na alminiyam. Honda ta ƙayyade ɗaurin notin a niyutan-mita 39, wanda ɗauri ne na hannu ɗaya da gajeriyar sifana, ba na taka bututu da ƙafa ba. Yawancin kaskon da ke ɗiga a garin nan ɗaurin wuce kima ne ya cinye zarensu. Injin yana shan lita huɗu da ɗoriya, amma awon gaskiya sai an sauko da motar ta daidaita a ƙasa.

Ba na shiga sai da babba a gida wanda ya san ina ƙarƙashi, ya kuma san yadda ake buga jak. Uwargida ta koya cikin minti biyar. Makullin motar yana aljihuna, yara suna cikin gida an rufe ƙofa, domin yaro ɗan shekara shida yana ganin mota a kan matakala abin da zai fara zuwa masa shi ne ya shiga ya kama sitiyari. Akwai kuma abin da ke damuna game da mu masu albashi. Da yawanmu ba mu ne ke kwanciya a ƙasa ba. Muna sayen man, mu tsaya a inuwa da waya a hannu, mu tura direba, ko mai gadi, ko yaron gareji ɗan shekara sha biyar da ogansa ya aiko da jak ɗin almakashi da bulo biyu. Motar tamu ce, farfajiyar tamu ce, mu muka san inda sokawe yake. Kuɗin falanki biyu da ladan kafinta bai kai na galan ɗin man da muke taƙama da ingancinsa ba. Yanzu idan yaron ya zo yi wa maƙwabcina juye, yakan leƙo ya ce, "Baba, a ara mana katakon," kuma ban taɓa hanawa ba.

Tsohon man ina mayar da shi cikin galan ɗin da ya zo da sabo, in rufe, in kai wa masu juye da ke tarawa. Ba ya shiga kwata, domin kwatar layinmu da rijiyoyin layinmu ƙasa ɗaya suke sha. Matakalar kuma ina jingine ta a kan ƙarfe a cikin sito, ba ta taɓa ƙasa, kuma kafin kowane juye ina juya ta in ƙwanƙwasa kowane mataki. A Kano gara tana iya cinye cikin falanki a damina ɗaya ta bar fuskarsa sumul.